Ɗahiru da Kan Tarwaɗa

"Lahiya lau, bawana. Shanun sun sallame ka ka shigo gari?"

Cindo tela ke nan, yana amsa gaisuwar taubashinsa Ɗahiru a bakin kasuwar Yelwa, zamanin Yauri na cikin jihar Sakkwato. Ɗahiru makiyayi ne daga Shanga, tun da aka haife shi kifi bai taɓa shiga bakinsa ba. Sai ga shi duk faɗin duniya ya rasa wadda zai so sai Asama'u, 'yar masunta, gobe kuma zai je gaida iyayenta. Tsoro ya hana shi sakat.

"In sun aje maka kihi ka yamutsa huska, ka rasa ta," in ji Cindo. "Taho in horar da kai."

"Kai da ka ɗinka man wando ƙahwa guda ta hi guda?"

"Wandon lahiya lau, ƙahwahunka ad da gardama."

Suka fara da kantin Bitrus. Cindo ya miƙa masa kifin gwangwani, Ɗahiru ya jujjuya shi.

"Wanga ta ina yas shiga? Babu ƙohwa."

"Yana jariri aka sa shi, ya girma ciki."

"Abin da aka kulle haka laihi yay yi. Ban ci."

A layin masu bandar kifi kuwa, Ɗahiru ya ja bakin rawani ya toshe hanci.

"Wanga tun bara yam mutu."

"Duk da haka ya hi ka ƙamshi, mai kwana da maraƙi."

Daga ƙarshe suka faɗa rumfar Hansatu mai tuwon shinkafa. Ta ajiye musu tarwaɗa sukutum, ko kai ba a cire mata ba, tana iyo cikin romo.

"Gashin baki gare ta irin na kawunka," in ji Ɗahiru.

"Kawun nawa shi ya haihe ka."

Ɗahiru ya runtse ido, ya tuna Asama'u, ya yi bismilla ya haɗiye loma, har da ƙwalla. Hansatu ta tambayi me ya yi zafi haka. Cindo ya zayyane mata, yana riƙe da ciki don dariya.

"Haba yaro," in ji ta, "wane suruki ka cin abinci gaban surukai? Kai za ka sunkuyar, ka ce ka ƙoshi."

Abin haushin, Ɗahiru ya fi kowa sanin haka, ruɗewa ce ta mantar da shi. Ya rarumo sandarsa.

"Ka san hakanga ka ciyar da ni mai gashin baki?"

"Gobe kunya ta cece ka. Bayan biki hwa? Ɗiyar masunta za ka aje. Kihi sahe, kihi marece, har haƙoranka su zube."

Ɗahiru ya dubi kwanon. Can dariya ta kufce masa, ya ajiye sandar.

"Yau ka kada ni, bawan banza. Inna, ƙaro man romo. Kan kau tura mishi, ni tukuna ban iya haɗa ido da ita."