Nomau da Tiyon da Ba Ya Ji

A Tungar Gwanki, can bakin Kwara, akwai wani mutum wai shi Nomau. Shi da matarsa Tabawa mai suyar kifi suna zaune a gidan yayansa Barmo. Nomau ba mugu ba ne. Shi dai yadda magana ta shiga kunnensa, haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari.

Barmo yana da babban jirgin ruwa mai inji, yana kai 'yan kasuwa Yawuri. Tafiyar rabin yini ce, don haka ya sa aka yi bayan gida a ƙarshen jirgin, da tanki a ƙasa, da tiyo mai kai kayan can. Sai dai tiyon na ban-ruwan lambu ne. Wata biyu ya jiƙu da abin da yake ɗauka, jirgi ya ɗauki ɗoyi har masu daddawa suna toshe hanci. Inna Gambo, shugabar matan kasuwa, ta ce in ranar kasuwa ta zagayo ba a gyara ba, jirgin wani za su shiga. Barmo ya dubi ƙanensa ya ce, "Kai ne mai kula da wurin. In suka tafi, kai ma ka sauka ke nan."

Wata rana Barmo ya ce, "Nomau, jeka ka kashe mini warin nan." Nomau ya ɗauki adda, ya bi da hanci har ya iske tiyo kwance ƙarƙashin benci, ya kai masa sara uku. Abin da ke ciki ya yi tsalle ya gaishe shi a fuska. Ya dawo yana ɗiga ya ce, "Yaya, na sare shi, amma yana da 'yan'uwa da yawa." Sai da aka yini ana kwasa, aka ɗaure tiyon da roba.

Wata rana aka kira Malam Jatau makanike. Ya ce, "Ka jiƙa ƙyalle da ruwan zafi, ka naɗa wa tiyon. In ya huce ka sunsuna. In ka ji yana wari, to ya gama aiki, jefar da shi." Nomau ya zari sabon ɗankwalin Tabawa daga igiya, ya jiƙa, ya naɗa, ya sunsuna, ya kusa suma. Nan take ya cilla ɗankwalin tsakiyar kogi, ya bar tiyo yadda yake. Tabawa ta ce, "Malam, ina ɗankwalina?" Ya ce, "Ya gama aiki." Kwana biyu yana cin tuwo ba kifi.

Wata rana, ana gobe kasuwa, Barmo ya gaji ya ce, "Tafi shagon kayan famfo ka sayo wani. Wanda ba ya jin zafi, ba ya jin wari, ba ya jin komai. Ka gane?" Nomau ya ce, "Wanda ba ya ji. Na gane."

Da ya isa ya tsaya gaban tarin tiyo ya yi sallama. Babu wanda ya amsa. Mai shago ya ce, "Baba, ai duk kurame ne." Nomau ya ce, "Kurma daban, marar ji daban." Ya ɗauki kore ya ce masa durƙusa, ya lanƙwasa shi, ya durƙusa. Ya ce, "Wannan yana da tarbiyya, ba na so." Baƙi ma haka. Can ya jawo wani fari mai kauri daga ƙasa. Ya murɗa, ya ƙi. Ya taka, ya ƙi. Ya sa gwiwa, tiyon ya kuɓuce ya mare shi a kunne. Nomau ya ce, "Yanka mini wannan."

Barmo ya ga tiyo ya riƙe kai. An yi an yi ya bi ƙarƙashin benci yadda tsohon yake zagayawa, ya ƙi. Dole aka datse shi gajere, aka miƙe shi daga masai zuwa tanki, ba kwana ba lanƙwasa.

Da safe Inna Gambo ta shigo da mayafi a hanci. Ta sauke shi a hankali, ta ja numfashi, ta zagaya har ƙofar bayan gida, sannan ta waiwaya ta ce wa mata, "Ku shigo da kaya." Malam Jatau ya leƙa ƙasa ya ce, "Ai irinsa ake nema. Kaurinsa ba ya barin wari ya ratsa, kuma da yake a miƙe yake, ba inda ƙazanta za ta kwanta. Wa ya zaɓo?"

Barmo ya nuna ƙanensa da baki, ya ce, "Kai kuwa yaya aka yi ka gane shi?"

Nomau ya shafa kunnensa ya ce, "Ba wuya, Yaya. Na duba mai kauri, marar jin magana, mai saurin hannu. Ina ganinsa na ce wannan ɗan gidanmu ne, kai ya biyo."