Yadda Za Ka Zama Gatan Mawaƙan Koenji Ba Tare da Ka Ji Waƙarsu Ba

Zauna da kyau, ka saki ranka. Darasin nan ba shi da wuya. Duk wanda ya bi shi daki-daki, na yi masa alkawari kafin damina ta wuce za a riƙa nuna shi a layin kasuwar unguwarmu ta Koenji ana cewa, "Ga mutumin da yake riƙe da unguwar nan." Ba sai ka saurari waƙa ba, ba sai ka sayi ko yankan awara ɗaya ba. Na ga an gwada, kuma ya yi aiki shekara da shekaru.

Bari in fara gabatar maka da waɗanda za ka zama gatansu. Su uku ne, sunan ƙungiyarsu Tsohuwar Lema. Akwai Shunpei, ɗan mai awara ta bakin layi, wanda da asuba yake tace waken suya, da yamma yake dukan ganga. Akwai Madoka mai tsaron gidan wankan unguwa, ita ke rera waƙa. Sai dattijo Nagumo mai gyaran keke, da jitarsa mai kaurin murya. Suna da waƙoƙi, suna da haƙuri, suna kuma da wurin wasa, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata mata, Hosokawa-san ("san" ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu), inda suke hawa dandamali ranar Lahadi da rana tare da wasu ƙungiyoyi biyu. Abin da suka rasa mutane ne. Duk mai shiga ɗakin nan, yarinyar bakin ƙofa za ta tambaye shi wa ya zo gani, ta jefa guntun tikitinsa a kwandon ƙungiyar da ya ambata. Kwandon Tsohuwar Lema ya daɗe ana ganin gindinsa. Hosokawa-san ta ja musu kunne cikin ladabi: Lahadin ƙarshen wata, in kwandon bai yi nauyi ba, za ta ba wasu samari masu tashe gurbinsu.

Wanda za mu yi koyi da shi kuwa Tokunaga-san ne, shugaban sashe a wani kamfanin inshora, mahaifin Nodoka da nake koyarwa a aji uku. Mutumin kirki ne. Ina roƙonka ka riƙe wannan a ranka har mu gama.

Mataki na ɗaya: Nemi riga da jaka

Riga baƙa za ka nema, wadda ta koɗe. Sabuwa tana tona asiri. In taka sabuwa ce, yi ta wanke ta da ruwan zafi kana shanyawa a rana har ta yi kama da wadda ta sha gumi a cikin taro.

Sai jakar yadi mai tambarin shagon faifai. Zaɓi shagon da ya riga ya rufe. Shagon da ya mutu ya fi mai rai sauƙin so, domin ba ya neman ciniki, kuma babu wanda zai leƙo daga ciki ya ce maka kwana biyu.

Mataki na biyu: Ka iya makoki

Duk ranar da ka ga an manna takardar ban-kwana a ƙofar wani shago, tsaya. Kada ka yi sauri. Ɗauki hoton ƙofar, ka sa a shafinka, ka rubuta cewa garin nan yana mutuwa muna kallo. Ka yi amfani da "mu", kada ka ce "ni". "Mu" tana da faɗi, kowa yana samun wurin ɓuya a cikinta.

Ranar da tsoho mai alewar wake ya rufe shagonsa, Tokunaga-san ya kai masa har da furanni. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, sannan ya juya ga matarsa ya ce a hankali, "Wane ne wannan?" Kada irin wannan ta dame ka. Ba ta fitowa a hoto.

Mataki na uku: Jaka a cikin jaka

Za ka ci gaba da sayayya a babban kantin tashar jirgi, ai ba a ce ka wahalar da kanka ba. Abin da ake so shi ne ka cusa ledar kantin a cikin jakar yadinka, sannan ka biyo ta layin kasuwa kana gaisuwa. Gaisuwar ita ce jarinka, ka yi ta a wadace.

Ga misali daga bakin shagon awara, inda mahaifiyar Shunpei take tsaye da hannu cikin ruwan sanyi.

"Sannu da aiki," in ji Tokunaga-san. "Wannan ƙamshin ba a samunsa a ko'ina. Irinku ne kuka riƙe garin nan."

"Mun gode, Tokunaga-san. A yanka maka nawa?"

"Yau kam an riga an ɗora tukunya. Sai gobe."

"To, Allah ya kai mu. Amma ka gyara riƙon jakar. Awarar babban kanti ruwa gare ta, ga shi tana ɗiga a takalminka."

Ya rusuna, ta rusuna. Ka lura babu wanda ya ɗaga murya. Haka ake zaman unguwa.

Mataki na huɗu: Karɓi takardar talla da hannu biyu

Mawaƙa suna yawo da takardun tallan wasansu. In an miƙo maka, kada ka ƙi. Karɓa da hannu biyu, ka daɗe kana kallonta, ka gyaɗa kai kamar ka gano wani abu, sannan ka ce, "In hali ya yi zan zo."

Daga Hokkaido har Okinawa, wato ƙasar nan kaf, kowa ya san ma'anar wannan magana. Mai faɗa ya sani, mai ji ya sani, an rabu lafiya. Matsalar kawai ita ce Shunpei, wanda tun yana ajina yake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ya tare Nodoka a hanyarta ta dawowa daga makaranta, ya ba ta soyayyiyar awara, ya ce, "Babanki zai zo ranar Lahadi. Ya ce in hali ya yi."

Da dare wajen cin abinci Nodoka ta ce wa mahaifinta, "Baba, ranar Lahadi kana da aiki?"

"A'a, hutu nake."

"Za ka je wani wuri?"

"Babu inda zan je."

"To ai hali ya yi."

Mahaifiyarta, wadda ita ta ba ni labarin, ta ce sai da ta tashi ta shiga madafa don kada a ga fuskarta.

Mataki na biyar: In an ritsa ka, mai da abin biki

Wani lokaci babu mafita, dole ka je. To kada ka je a banza, ka tafi da shaidu. Tokunaga-san ya daɗe yana ba yaransa na ofis labarin ƙananan gidajen waƙa, yana cewa su matasan yanzu ba su san kiɗa ba sai wanda waya ta zaɓa musu. Sai ya gayyace su. Wanda Oga ya gayyata kuwa ba ya cewa yana da uzuri.

Ya kuma bi ta shagon awara ya sanar. "Shunpei, ka kwantar da hankalinka. Da sashena gaba ɗaya zan zo."

Shunpei ya gaya wa Madoka. Madoka, wadda ta yi mako tana roƙon tsofaffin da ke zuwa wanka su leƙo ko da na rabin awa ne, ta ce alhamdu, ta bar tsofaffi suka huta. Nagumo ya sa wa jitarsa sababbin tsirkiya. Ka ga amfanin alkawari: tun kafin ka cika shi mutane sun sami barci.

Mataki na shida: A bakin ƙofa, ka ce duka naka ne

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne daraja, don haka ka nutsu.

Ranar Lahadin, wadda ita ce ta ƙarshen wata, ana yayyafi. Ina bayansu a layi, kan matakalar da ke gangarawa ƙasa, kowa da lemarsa a naɗe tana ɗiga. Tokunaga-san yana gaba da baƙar rigarsa, Nodoka a gefensa, yaran ofis a baya sun sa kayan hutu amma sun tsaya kamar masu jiran taron safe.

Yarinyar ƙofa ta karɓi kuɗi, ta yage tikiti, ta ce, "Wa ka zo gani?"

Ya ɗan juya kafaɗa yadda na baya za su ji. "Ni ba na bambanta mawaƙan unguwarmu. Duka nawa ne."

"Sai dai ka ambaci ɗaya, yallaɓai."

"Ƙanwata, in na zaɓi ɗaya, sauran biyun fa? Ni kiɗan na zo wa."

Ta dube shi, ta dubi layin da ke bayansa, ta jefa guntun tikitin a wani gwangwani da ke gefe, wanda ake sa tikitin masu shigowa don fake wa ruwa kawai. Na bayansa ya matso.

"Wa ka zo gani?"

"Irin na Oga."

"Kai fa?"

"Irin na Oga."

Haka suka wuce ɗaya bayan ɗaya, gwangwani yana ta karɓa. Nodoka ta yi ɗage ta ce, "Ni Tsohuwar Lema."

Yarinyar ta yi murmushi. "Yara kyauta suke shiga, 'yar ƙanwata. Ba ki da tikiti. Shiga abinki."

Dubi kyan wannan mataki. Ka biya, ka shiga, an gan ka, ba ka ɓata wa kowa ba, kuma babu kwandon da ya san da zuwanka.

In ka shiga, karɓi abin shanka, ka tsaya can baya jikin bango, ka harɗe hannu. Gyaɗa kai kaɗan-kaɗan. Kada ka saurara sosai, akwai haɗari. Madoka tana da wata waƙa a kan tsohon da kullum yake zuwa wanka da sabulu biyu, nasa da na matarsa da ta rasu, kuma na ga mutane masu harɗe da hannu sun warware shi a tsakiyarta. Tokunaga-san ma sai da ya nemi hankicinsa, ya ce hayaƙi ne. Ba a shan taba a wasan rana.

Mataki na bakwai: Kada ka zo da yaro

Da na sa wannan a farko, amma na fi so ka ga dalili.

Da Tsohuwar Lema suka sauka, ana jan kaya don ƙungiya ta gaba, Nodoka ta je karɓar lemon kwalba. Teburin ƙofa yana kan hanya, kuma tsawonta daidai bakin kwanduna. Ta leƙa na farko, ta leƙa na biyu, ta leƙa na uku ta daɗe. Ta tambayi yarinyar ƙofa, yarinyar ta gaya mata gaskiya, domin ba a koya wa 'yan ƙofa yi wa yara ƙarya ba.

Ta dawo ta ja gefen baƙar rigar.

"Baba, kai ba ka zo ba."

"Ban zo ba? Ga ni tsaye."

"A kwando ba ka zo ba. Su ma ba su zo ba. Kuna cikin gwangwani."

"Nodoka, manya suna da yadda suke..."

"In kwandon bai cika ba za a kore su. Yaya Shunpei yana can yana ta murna, ya ɗauka kuna ciki."

A ɗaki mai faɗin tabarma kaɗan babu maganar da take ɓuya. Yaran ofis suka shiga karanta bayanin da ke jikin kwalabensu. Tokunaga-san ya je teburin ya rage murya, ya roƙi a mai da tikitinsu kwandon da ya dace. Hosokawa-san tana zaune kan doguwar kujera a bayan teburin, ko tashi ba ta yi ba.

"Abin da ya shiga gwangwani ya shiga, Tokunaga-san. In na canja maka, sauran ƙungiyoyin su ce me? Amma ƙofa a buɗe take. Mai son ya sake shigowa, tikiti bai ƙare ba."

Ya dubi Nodoka. Sannan ya hau matakala, Nodoka tana riƙe da hannunsa kamar ita ce za ta tsallakar da shi titi. Suka fita cikin yayyafi, suka juyo, suka sauko. Ya sake biya.

"Wa ka zo gani?" in ji yarinyar, fuskarta kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Ya faɗa. A daidai lokacin mai gangar ƙungiya ta gaba ya fara gwada kayansa.

"Baba, ba ta ji ba."

"Tsohuwar Lema," ya ce, wannan karon har na bakin dandamali sun waiwayo.

Biyu daga cikin yaran ofis suka ajiye kwalba suka bi matakala. Sauran suka ci gaba da karatu.

Da aka tashi, Hosokawa-san ta ɗauki kwandon ta jinjina shi a tafin hannu, ta taɓe baki. "Bai kai ba," ta ce wa Madoka. "Amma ban taɓa ganin mutum ya zo ganin ƙungiya sau biyu a rana ɗaya ba. Ku riƙe Lahadinku har zafin bayan damina ya wuce. Bayan nan sai abin da na gani."

Shunpei ya zo da tawul a wuya, ya rusuna wa Tokunaga-san har ƙasa. "Na san za ka zo," ya ce. Tokunaga-san shi ma ya rusuna masa har ƙasa, abin da yaransa na ofis suka ce ba su taɓa gani ba.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba. In ka bi matakai shida na farko aka gano ka, rigarka ce ba ta koɗe da kyau ba. In ka tsallake na bakwai, to ba ruwana da tikiti biyu, ko jiƙewar kafaɗa, ko abin da za a riƙa faɗa a ofis in ka juya baya. Ba ruwana kuma in waƙar sabulu ta bi ka gida. Ko Tsohuwar Lema za su wuce lokacin zafi, ban sani ba, kuma kada a zo a tambaye ni a makaranta.

Ranar Litinin na ce kowane yaro ya tashi ya faɗi abin da ya koya a hutun mako. Wani ya koyi tuƙa keke da hannu ɗaya. Wata ta gano kakarta tana cire haƙora kafin barci. Nodoka ta miƙe ta ce ita ta gane cewa in ka je wurin mutum, sai ka faɗi sunansa a bakin ƙofa, in ba haka ba kamar ba ka je ba ne.