Mai Bincike a Majalisar Gidan Igwai

Wani ne, malami a jami'a, nan Sakkwato, a sashen nazarin zaman jama'a. Mutum ne mai son aikinsa, ba ya fashi, ba ya makara, sai dai ya daɗe a mataki ɗaya. Ɗaliban da ya koyar sun dawo sun zama malamai, wasu har sun wuce shi, yanzu shi ke fara gaishe su a baranda. Duk shekara in an zauna batun ƙarin girma, magana ɗaya ake yi masa: "Malam, ba ka da bincike. Ka shiga cikin jama'a ka kawo mana sabon abu."

Ya zauna ya yi tunani, ya samo batu: me ya sa maza ke zaman majalisa?

Ya faɗa wa matarsa Atika. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. In za ka dawo ka biyo da manja."

Washegari bayan la'asar ya ɗauki wayarsa ya nufi Ƙofar Atiku. Akwai wata majalisar dattawa a gindin dogon yaro, an ce tun ba a haife shi ba ake zamanta. Ya yi sallama, aka gaisa, aka matsa masa wuri. Ya kunna ɗaukar murya ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma.

Ya ce, "Kafin mu fara, dole in sanar da ku haƙƙinku."

Wani dattijo ya ce, "Kama mu anka zo yi?"

"A'a, Baba. Binciken jami'a ne. Da farko, ba za a ambaci sunan kowa ba."

"Don mi? Sata munka yi?"

"Don a kare ku ne."

"Daga wa?"

Malam ya tsallake tambayar, don littafin da ya karanta bai faɗi daga wa ba.

Dattijon ya ce, "Ni in zan yi magana, a sa sunana da na mahaihina, har da unguwa."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Lamba za a ba ka."

"Lamba? Ni babur na?"

Malam ya ci gaba. Ya ce ba za a ba kowa komai ba, wannan ba rajistar tallafi ba ce. Nan take wasu da suka matso suka ja da baya. Sannan ya gyara murya ya ce, "Abu na ƙarshe, kowa yana da ikon tashi ya tafi duk lokacin da ya ga dama. Ba wanda zai tambaye shi dalili."

Dattijon ya ɗago kai.

"Duk lokacin da munka ga dama?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

Dattijon ya laluba takalminsa ya sa, ya miƙe. Na kusa da shi ya miƙe. Ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba faɗa, majalisa ta watse. Sai mutum ɗaya ya rage. Malam ya juya gare shi cike da murna, ya buɗe baki zai yi tambayar farko. Mutumin ya ce, "Malam, ɗan ɗaga, tabarmar tawa ta."

Malam ya kai wa shugaban sashensu, Farfesa Abdulshakur, abin da ya ɗauko. Farfesa ya kara wayar a kunne ya saurara.

"Wannan ƙarar mece ce?"

"Takalmansu ne, ranka ya daɗe."

"Ka yi musu tambaya ko ɗaya?"

"Ban kai nan ba."

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malam, canza hanya za ka yi. Ka ajiye wayar nan da kwat ɗin nan. Ka sami wata majalisa inda ba a san ka ba, ka zauna kamar kowa. Ka duba, ka saurara. Kada ka gyara wa kowa magana, kada ka sa ra'ayinka, in ka sa ka ɓata sakamakon. In an tambaye ka wani abu, ka mayar da tambayar. Ka ce, 'Kai a ganinka fa?'"

Malam ya haddace.

Ya sa tsohuwar jallabiya ya tafi unguwar Gidan Igwai. Bayan wata rumfar mai shayi akwai benci da tabarma, masu shago da masu keke napep da 'yan fansho ke haɗuwa. Babbansu wani tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, ana ce masa Baba Dodo. Malam ya yi sallama, ya sami gefen benci ya zauna. Bai ce komai ba har magariba. Kashegari ya dawo. Jibi ya dawo. Ana gardamar ƙwallo, yana kallo. Ana gardamar farashin gero, yana kallo. In an yi dariya sai ya dubi wanda ya fara, ya gyaɗa kai a hankali.

Ranar nan Baba Dodo ya kasa haƙuri. Ya ce, "Bawan Allah, lahiya dai? Kullum kana nan shiru kamar mai zaman makoki. Rasuwa anka yi maka?"

Malam ya ce, "Kai a ganinka fa, Baba?"

Baba Dodo ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "A'a. Mai rasuwa bai zuwa majalisa. Aiki anka kore ka?"

"Kai a ganinka fa?"

"Wanda anka kora surutu garai, kowa sai ya ji." Ya sake dubansa, ya dubi jallabiyar da ba ta ga guga ba. Ya rage murya. "Iyali na?"

"Kai a ganinka fa?"

Baba Dodo ya juya ga jama'a ya ce, "Matatai ta yi yaji."

Aka ɗauki salati. Wani ya dafa kafaɗarsa. Mai shayi ya haɗo masa mai kauri, ya ce kada ya damu. Malam ya karɓa ya sha, zuciyarsa fari ƙal. Da ya koma gida ya rubuta shafi guda a kan yadda majalisa ke tallafa wa mutum a lokacin damuwa.

Daga ranar ya zama ɗan gata. Wannan ya kawo fura daga gida, wancan ya kawo tuwon shinkafa a kwano, a ce, "Ci, mun san ba mai dahwa maka." Shi kuma ba ya musu, don ƙin cin abincin jama'a sa ra'ayi ne. In ya koma gida Atika ta ajiye masa tuwo, sai ya ce ya ƙoshi.

"A ina ka ci?"

"Wurin aiki."

"Yaushe jami'a ta fara ba da miyar kuka? Ga ta nan a rigarka."

Ya buɗe baki zai ce ke a ganinki fa, ya dubi fuskarta, ya fasa.

Labari kuma yana ta girma. Wani ya ce da talabijin ta tafi. Wani ya ce har da ƙofar ɗaki. Wani ya rantse ya ga motar da ta kwashe kayan. Duk wanda ya tambayi Malam, amsa ɗaya yake samu, shi kuma ya ƙara nasa a kai.

Sai wani mai keke napep a majalisar, Gazali, ya ce, "Ni hwa na san hwuskar mutumen nan. Ran Sallah na kai shi da iyalinai gidan Alhaji Ubaidullahi mai shinkafa, can bayan Sama Road. Surukinai na."

Baba Dodo ya buga sandarsa a ƙasa. "Alhaji Ubaidullahi? Ai tare munka yi makarantar allo! Ashe abin na gida na. Ran Juma'a in an sauko masallaci, biko za mu."

Malam ya so ya yi magana. Sai ya tuna, a duk abin da ya karanta, bai taɓa ganin mai binciken da ya kalli biko daga ciki ba. Ya tuna baranda, ya tuna ɗalibansa da yake gaisarwa. Ya fasa.

Ranar Juma'a aka cika keke biyu. Dattawa sun sha manyan riguna, an sayi goro, Gazali ya ara wa Malam hula. A hanya Baba Dodo yana ta koya masa: "In mun shiga, ka durƙusa, ka sadda kai ƙasa. Kada ka ce uffan."

Malam ya ce, "Wannan zan iya."

Alhaji Ubaidullahi ya tarbe su a zaure da fara'a. Ya rungumi Baba Dodo, aka tuna da, aka yi dariya. Sai ya hango surukinsa durƙushe a lungu da hular da ta fi ƙarfin kansa.

"Malam? Lahiya?"

Baba Dodo ya tura goro gaba. Ya ce, "Alhaji, haƙuri munka zo badawa. Yaron ga ya yi nadama. Mu shaida na, ya rame, bai magana, sai an matsa mai shika cin abinci. Kome yay yi, a yahe mai. A taimaka a maido mai da iyalinai."

"Wane iyali?"

"Ɗiyarka."

"Atika? Ina tat tahi?"

"Yaji mana. Ba nan take ba?"

"Rabona da ita tun Sallah."

Gazali ya ce a hankali, "Har da talabijin." Baba Dodo ya harare shi.

Alhaji ya juya ga surukinsa. Fara'ar ta tafi. Ya ce, "Malam, ɗago ka dube ni. Ina ɗiyata?"

Malam ya ɗago. Gumi na bin gefen hular. Ya dubi surukinsa, ya dubi dattawa, ya ga binciken ya kai daidai wurin da ya fi kowane muhimmanci. Ya ce, "Baba, kai a ganinka fa?"

Sai da mutum biyu suka riƙe Alhaji.

Da ya samu ya zauna, ya ciro waya, ya kira 'yarsa, ya buɗe murya kowa na ji.

"Atika, kina ina?"

"Ina gida, Baba. Wanki nake."

"Gidan wa?"

"Gidan mijina mana. Lafiya?"

"To ga mijin naki nan gabana durƙushe, da dattawa keke biyu da goro. Bikonki sunka zo."

Aka ji ruwa ya daina zuba a ɗaya ɓangaren. Aka jira. Can ta ce, "To, Baba. A gaishe su." Ta kashe.

Malam ya yi bayani. Ya yi maganar jami'a, ya yi maganar ƙarin girma, ya ce ba za a ambaci sunan kowa ba. Baba Dodo ya ɗauke goronsa, Gazali ya karɓi hularsa, kekuna biyu suka tafi ba shi. Da ƙafa ya koma gida, cikin ranar Sakkwato.

Ya tarar da ƙofa a buɗe. Atika ta sa hijabi, ga akwati a tsakar gida, tana ƙoƙarin zuge shi.

"Atika, tsaya ki ji. Wallahi duk aiki ne. Babu wani yaji, kowa ya gane yanzu. Ina kuma za ki?"

Ta zuge akwatin, ta ɗora a ka.

"Dattawa sun riga sun yi biko, Malam. In ban yi yajin ba, ai na mayar da su maƙaryata."