Rasuwar Makullin Manhajar Tufail Bhatti

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma zargin da har yanzu bai kwanta ba, Tufail Bhatti, mai shagon buga katin aure a kasuwar Urdu Bazar ta birnin Lahore, yana sanar da 'yan'uwa da abokan hulɗa rasuwar makullin manhajarsa, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi, yana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayin ɗan ƙarami ne, shuɗi, bai fi babban yatsa ba, ana soka shi a jikin kwamfuta kamar filashi. In ba ya nan, manhajar tsara rubutu ba ta buɗewa, domin shi ne shaidar cewa saye aka yi, ba sata ba. A layin da kusan kowane shago ke aiki da kwafin sata, shi ɗan halak ne mai takarda da hatimi. Kowace safiya yakan ƙyafta koriyar fitilarsa, kwamfuta ta amsa da "tilin", sannan Tufail ya ɗauki shayinsa. Bai taɓa kwana a shagon wani ba. Da an tashi aiki sai a naɗe shi a hankici, ya koma aljihun ƙirjin maigidansa.

Sau biyu kamfanin da ya yi shi yana aiko wasiƙa cewa a mayar da shi, a buɗe wa Tufail rajista a intanet da sunansa. 'Yarsa Mahnoor ta yi magiya har ta gaji.

"Abbu, ranar da abin nan ya lalace fa?"

"Makullin da ba na iya damƙewa a hannuna, yana hannun wani ke nan," in ji shi. "Me ya sa suke son karɓe shi? Kin tambaye su?"

Ciwon ajali ya fara ranar Litinin. A ranar ne Gulzar, ƙanen matarsa, mai gyaran kwamfuta da aka sani da sayar da kwafin sata, ya leƙo shagon ya nemi aron marigayin na awa ɗaya, wai zai duba wani abu. Tufail ya hana. Da aka kira sallar azahar, akwai aiki a kan na'ura, don haka ya bar makullin a soke, ya bar baƙonsa da farantin samosa, ya tafi masallaci. Da ya dawo, kujera ta matsa daga inda take, fitilar kuma ta koma rawaya. Talata sai an soka sau biyar kafin ya amsa. Laraba aka soka, aka hura, aka goge da auduga, shiru.

"Bhai Tufail, wallahi samosa kawai na taɓa," in ji Gulzar. "Tsufa ne. Wa ya taɓa ganin filashi ya kai shekara goma sha huɗu?"

Tufail ya lura cewa Gulzar ya ce "filashi", kuma ya faɗi shekarun daidai, alhali ba wanda ya gaya masa.

Da magana ta yi zafi a gida, matarsa Shagufta ta ajiye ludayi ta ce ita ce. Ranar Lahadi ta wanke rigarsa da makullin a aljihu, ta gan shi wajen shanya, ta tura shi cikin buhun shinkafa ya bushe, ta mayar ba ta ce komai ba. Tufail ya saurare ta har ƙarshe, ya jinjina kai. A ganinsa, mace da za ta ɗauki laifi haka don ta rufa wa ƙanenta asiri ta cancanci yabo, amma ba a yarda da shaidarta ba.

Marigayin ya bar tsohuwar kwamfuta ɗaya, da zanen kati sama da dubu uku da ba mai iya buɗe su yanzu, da katin auren 'yar Haji Sarwar guda ɗari shida da aka yi alkawarin bayarwa ranar Asabar. Haji ya aiko sau uku, daga ƙarshe ya zo da kansa. Gulzar ya ce minti goma ya ishe shi ya ɗora wa kwamfutar kwafinsa a gama aikin, kyauta ma. Nan ne zargin Tufail ya ƙara ƙarfi.

"Ko uku ba a yi ba, ka kawo min shege ɗakin marigayi? Tun yaushe ka shirya shi?"

Za a ɗauki gawar ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, cikin gwangwanin alewa, zuwa ofishin wakilin kamfanin, domin sun ce sai sun ga gawa za su ba da sabon izini. Tufail ba zai miƙa ta ba sai an sa masa hannu a takarda. Mahnoor ce za ta riƙe sabuwar rajistar, amma an raba kalmar sirri biyu, rabi a wurinta, rabi a wurin mahaifinta, kuma su biyun za su kwana a kan aikin katin Haji.

Ana karɓar gaisuwa a shago daga la'asar zuwa magariba. Gulzar ma yana iya zuwa. An tanadar masa kujera a bakin ƙofa, kuma ana roƙonsa ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa, inda kowa zai gan su.