Yadda Za Ka Zama Injiniyan Tartsatsin Wuta a Walimar Surukinka

Shekara goma sha bakwai surukina Alhaji Tukur, dilan hatsi a Kurfi, yana kirana "mijin Batula". Idan kai ma surukinka bai san sunanka ba, bi matakan nan. Na yi maka alkawari kafin Isha'i garin duk zai san ka.

1. Sayi akwatin.
Akwati ne mai batir da wayoyi sha biyu da rimot. Kowace waya tana tayar da tartsatsi ɗaya, irin wutar wasan nan mai tashi sama ta fashe, kana can nesa ka danna. An ƙera shi don kada kowa ya ƙone. Masu ƙerawar ba su taɓa zuwa walima a ƙasarmu ba.

2. Kada ka karanta takardar.
Takarda ta ragwaye ce. Rataya abin gwada wuta a aljihun gaba, ka riƙa cewa "ku matsa, ku matsa" ko babu kowa a wurin.

3. Jera kayanka a bayan fili tun La'asar.
Idan Ɗayyabu makiyayi ya ce, "Malam, nan fa burtali ne, da Magariba shanu ke dawowa," ka dube shi da tausayi. Me ya sani game da lantarki?

4. Girmama babba.
Nan ne asirin. In kai ka danna daga nesa, wa zai san aikinka ne? Durƙusa ka miƙa wa surukinka rimot ɗin gaban jama'a, ka ce, "Baba, da hannunka mai albarka." Ya kamata ka ƙara da cewa kada ya taɓa sai an shafa Fatiha. Amma wane marar kunya ne ke ba surukinsa umarni? Sunkuyar da kai ka ja da baya.

5. Manta da babban yatsansa.
Tun da Alhaji ya dawo daga Makka da carbin nan na dannawa, yatsan bai huta ba. Da Magariba, daidai lokacin dawowar shanu, Liman na ɗaga hannu, Alhaji ya lumshe ido ya fara tasbihi a kan rimot ɗin. Subhanallahi ɗaya, tartsatsi ɗaya. Da ya ji ƙara sai tsoro ya sa ya ƙara sauri.

6. Kada ka gudu.
Ba ma wurin gudu. Shanu arba'in sun bi ta cikin rumfa, tukunyar Gogo, uwar Alhaji, ta kife, ita kuwa tana ta kira, "Tukur, saki abin nan! Saki, don ubanka!"

7. Karɓi sunanka.
Da ƙura ta lafa, Alhaji ya ɗauko hularsa daga cikin miya, ya dube ni a karon farko, ya ce, "Wai kai ya ma sunanka?"
"Sabitu, Baba."
"Sabitu. To, ba zan manta ba."

Gargaɗi: shanun da suka ɓace, rumfar da ta ƙone, da matarka da ta ce sai ta gama taya Gogo jinya za ta dawo, duk ba ruwan marubuci. Suna kawai na yi maka alkawari.