Ranar da na ceci akuya

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ina ɗalibi a Yamai na zo hutu Madarunfa, sai na ji wata ƙungiyar wasan kwaikwayo za ta ɗauki ɗalibi ɗaya sitaj, ya koyi aiki. Na ce ai an gama, wa ya kai ni sanin wasa a garin nan? Na goge riga, na ɗauki dosiyena na takardun neman aiki, na tafi ina taƙama.

Ina shiga farfajiyar gidan ƙungiyar sai na ga wani ƙato yana fizgar akuyar wata tsohuwa, tana kuka tana kiran sunan Allah, mutane kuma na zaune suna kallo. Zuciyata ta tafasa. Na jefar da takardu, na ce, "Ku ba ku da imani ne?" Na shaƙe ƙaton, na zabga masa mari.

Tsohuwar ta share hawaye ta ce, "Kai ɗan nan, mi ya same ka? Gwaji muke, ka mari shugabanmu!"

Shugaban ya tsince takarduna yana dafe da kunci, ya miƙo mini, ya nuna mini ƙofa. Wato ko allo ba za su kafa ba a san wasa ake?

Yanzu ina da furfura, amma in akuya ta yi kuka a kasuwa, sai abokaina su ce, "Tashi, Malam, ana kiranka."