Taken Ƙaton Anaca

Tun da Ma'aruf ya je kallon kokawa a filin wasa na Inugu, waƙar da aka busa wa wani ƙaton Anaca lokacin shigarsa fage ta maƙale masa a ka. Ya bi shagunan faifai na kasuwar Ogbete yana rera ta, yana tambayar sunanta da mai ita, ba wanda ya sani. Ni maƙwabcinsu ne a unguwar Asata, kuma na shaida Allah bai ba saurayin nan murya ba. Ranar da ya faɗo gida a firgice, kakarsa Delu tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

"Lafiya lau, tsohuwa, ya gida? Ke dai rufe ƙofa!"

"Mai gidan nawa da gudu? Wace 'yar Ogbete ce ta ƙi ka yau?"

"Ba wasa nake ba. An ce ƙaton nan ya ji wani Bahaushe na yawo da waƙarsa. Har an nuna masa layinmu."

Delu ta ajiye tiren.

"Innalillahi! A garinmu, wanda ya ɗauki taken ɗan kokawa ya zaga kasuwa da shi, karo yake nema. Kai da iska ke kayarwa!"

"Suna kawai na tambaya!"

"Za ka ji sunan a haƙarƙarinka. Da ƙyar muka bar garin nan da ranmu shekarar gudu, gab da yaƙin basasa, muka dawo muna lallaɓa zama da mutane, sai kai ka taso daga Kano ka jajibo mana ƙato. Ni fa ba zan yi maka takaba ba. Mijin da ko ɗankwali bai taɓa saya min ba."

"In ya zo ke zan tura gaba. Ya ga bakin nan ba haƙori, shi zai gudu."

"Rera min in ji abin da za a kashe mu a kai."

Ya rera mata.

"Wannan waƙa ce, ko akuya aka taka?"

Sai aka buga ƙofa. Wallahi ni da ke leƙe ta katanga sai da na noƙe kai. Ma'aruf ya shige bayan duron ruwa. Delu ta ɗauki taɓarya ta tsaya tsakanin ƙofa da jikanta.

Sai da mutumin ya sunkuya kafin ya iya shigowa. Ya dubi tsohuwar ya daɗe, sannan ya fara rera waƙar a hankali, da Hausa. Taɓarya ta faɗi. Waƙar niƙanta ce, wadda take yi kafin yaƙi da ɗan maƙwabciyarta goye a baya, kuma tun gudun nan ba ta ƙara buɗe baki da ita ba.

"Okwudili?"

"Mama Delu." Ya durƙusa, ƙato guda yana hawaye. "An ce min ba ku kai gida ba. Da na ji Bahaushe na neman waƙar, na ce ko ya san inda aka binne ki."

Daga bayan duro aka ji wata siririyar murya: "Oga, abeg, mene ne sunanta?"

"Mama Delu nake ce mata. Ba ta da wani suna."

Delu ta goge ido da mayafi. "Fito, jarumi."

Ma'aruf ya fito yana karkaɗe wando. "Tsohuwa, waƙarki na rera miki, kika ce akuya. Kuma wa ya kawo miki ɗanki har gida?"

Ta buɗe baki za ta rama, dariya ta ƙwace mata, ga hawaye. Ta kwance haɓar zani ta miƙa masa farin goron da take ɓoyo.

"Karɓi, mai gida, na yafe ɗankwalin. Amma don Allah kar ka ƙara rera ni a kasuwa."